Daga ƙasa zuwa ƙasa: tambayoyi da amsoshi kan gyaran jana'iza a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya

Wanda ya tashi a inda mutum ke rasuwa da asuba a kai shi makwancinsa kafin azahar, da wuya ya yarda cewa an yi zamani a Landan da gawa ke yin mako guda, har fiye, a ɗakin da iyali ke ci suke kwana, ana jiran kuɗin binnewa su haɗu. An yi shi kuwa. A ƙarni na 19 jana'iza a Ingila ta zama kasuwa mai riba, maƙabartu sun cika sun batse, talaka kuma shi ya fi kowa ji a jikinsa. Daga nan ne wasu likitoci, limaman coci, marubuta da jami'an lafiya suka tashi haiƙan suna neman a sauƙaƙa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan gwagwarmaya.

Wane lokaci ake magana a kai, kuma me aka so a gyara?

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837, ta rasu a 1901. A tsakanin nan aka yi ta ja-in-ja kan inda ya kamata a binne mamaci, da irin akwatin da za a sa shi, da kuɗin da ake ɓarnatarwa wajen raka shi, da tsawon makoki. Masu neman gyaran ba su taɓa zama tsintsiya ɗaya ba. Wani lafiyar jama'a ce ta dame shi, wani aljihun gwauruwa da marayu, wani kuma yana ganin duk shagalin ya saɓa wa koyarwar addininsa. Har faɗa sun yi da juna a jaridu.

Yaya jana'izar mai hali take a lokacin?

Da zarar an yi rasuwa sai a kira ɗan kwangilar jana'iza. Shi zai kawo komai, shi kuma zai rubuta lissafi. Zai fara da girke mutum biyu a ƙofar gidan, sanye da baƙaƙen kaya, kowane riƙe da doguwar sanda da aka naɗe da baƙin yadi. Aikinsu su tsaya shiru su ɓata fuska. Ba su san mamacin ba, hayarsu aka yi, kuma an sha kuka da cewa da yawansu kan sha barasa saboda sanyi har su riƙa tangaɗi a bayan gawa.

Sai keken gawa, wanda baƙaƙen dawaki ke ja, galibi waɗanda aka shigo da su daga Beljiyam, an kafa wa kowane tuntun baƙin gashin jimina a ka. A gaban ayari wani mutum na tafe ɗauke da faffaɗan katako a kansa, shi ma cike da gashin jimina yana kaɗawa. Masu rakiya ana raba musu safar hannu da dogon ƙyalle na ɗaura wa hula, duk a kuɗin iyalan mamaci. Akwatin babban mutum kuwa uku ne a haɗe: na katako a ciki, na dalma da aka liƙe a tsakiya, sai na waje mai tsada da aka lulluɓe da karammiski aka jera masa ƙusoshi masu ƙyalli.

Edwin Chadwick, jami'in da ya binciki lamarin a 1843, ya tambayi wani ɗan kwangila ko ya san cewa wannan tsari kwaikwayon jana'izar manyan masu sarauta ne na zamanin da, cewa mutum biyun nan na ƙofa suna matsayin masu gadin fada ne, mai gashin jimina kuma yana matsayin zagin da ke ɗauke da kwalkwalin ubangidansa. Mutumin ya ce bai sani ba. Wato mai kanti da kafinta suna biyan kuɗin al'adar da ko mai sayar musu da ita bai san ma'anarta ba.

Nawa ake kashewa?

Rahoton Chadwick ya ƙiyasta cewa a Ingila da Wales ana kashe tsakanin fam miliyan 4 zuwa 5 kowace shekara kan jana'iza. A lissafinsa na Landan, ta babban mutum takan ci wajen fam 100, ta mai sana'ar hannu wajen fam 5, ta wanda hukuma ta binne kuwa sule 13. Fam 5 ba ƙaramin kuɗi ba ne a lokacin da leburori da yawa ba sa samun fam ɗaya a mako.

Wani abin da ya ƙara tsadar shi ne yawan hannaye. Da dama daga masu kafa allo suna kiran kansu 'yan kwangilar jana'iza kafintoci ne ko masu ɗinkin kujeru, ba su da doki ba su da keke. Sukan karɓi aikin su miƙa wa babban dillali, shi ma ya yi hayar wasu, kowa ya ɗora ribarsa. Matar da mijinta ya rasu jiya kuwa ba ta da ƙarfin halin yin ciniki.

To me ya hana talaka ya ce ba zai iya ba, ya binne nasa cikin sauƙi?

A nan gizo ke saƙa. Wanda bai fahimci wannan ba zai zalunci talakan Ingila, ya ɗauka son a sani ne ke ɗawainiya da shi, alhali tsoro ne.

Makarantun likitanci suna buƙatar gawarwaki don koyar da ɗalibai, doka kuma ta ba su na waɗanda aka rataye bisa laifin kisa, waɗanda ba sa isa ko kaɗan. Sai aka samu ɓarayin kabari, masu tono sabuwar gawa da dare su sayar. Abin ya kai maƙura a Edinburgh a 1828, inda William Burke da William Hare suka kashe mutum 16 suka sayar da gawarwakinsu ga wani malamin tiyata. Majalisa ta yi doka a 1832 don ta kashe wannan kasuwa, amma a duba inda ta ɗora nauyin: wanda ya mutu a asibiti ko a gidan gajiyayyu, ba a samu mai karɓar gawarsa cikin awa 48 ba, ana iya miƙa shi ga masu feɗewa. Abin da a da hukuncin mai kisan kai ne ya koma makomar marar gata. Bayan shekara biyu, dokar matalauta ta 1834 ta ƙara tura jama'a cikin waɗannan gidaje, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta, a ɗora musu aiki mai tsanani.

Wanda ya tsira daga wuƙar likita kuma, in danginsa ba su da kuɗi, hukuma ce ke binne shi: akwati na siraran katako, rami mai zurfi da ake jibga akwatuna ɗaya kan ɗaya, wani lokaci a bar shi a buɗe sai ya cika, babu suna babu alama. A unguwar talakawa babu abin kunyar da ya kai wannan. Mace za ta kai kayan ɗakinta jingina, ta kwana da yunwa ita da yara, don kada a ce hukuma ce ta binne mijinta.

Shi ya sa asusun jana'iza ya bazu ko'ina, tamkar adashin da ba a kwasa sai ranar mutuwa. Mutum zai riƙa zuba kwabo ɗaya ko biyu kowane mako. Daga 1854 kamfanin inshora na Prudential ya shiga harkar, wakilansa na bi gida-gida suna karɓar kwabban, kuma da su ya zama ƙaton kamfani. Iyalai da yawa sun fi yarda su rage abinci da su bari zubin ya tsinke.

A ganina wannan ne ya sa gyaran ya ɗauki tsawon lokaci. Mai kuɗi in ya zaɓi jana'iza marar ado, sai a yaba masa a ce tawali'u ne. Talaka in ya yi haka, sai maƙwabta su ce ya gaza. Yawancin masu wa'azin a sauƙaƙa mutane ne masu rufin asiri, ba kuma dukansu ne suka gane cewa dawakin nan da gashin jimina, a wurin talaka, shaida ce cewa mamacinsa yana da masu shi.

Me ya sa ake barin gawa kwanaki a cikin gida?

Ana jiran asusun ya biya, ana jiran dangi su haɗa abin da ya rage, ana kuma jiran Lahadi, domin ita ce ranar da ma'aikaci zai halarci jana'iza ba tare da an yanke masa lada ba. Iyali da yawa ɗaki ɗaya gare su. Shaidun da suka yi wa Chadwick bayani sun ba da labarin gawa a kan gado ɗaya tilo ko a kan tebur, ana gusar da ita in za a ci abinci ko za a kwanta, yara na wasa a gefe, ko da cuta mai yaɗuwa ce ta kashe mutumin.

Akwai kuma fargabar a binne mutum da ransa, wadda ta yi ƙarfi har aka kafa ƙungiya musamman don hana hakan a Landan a 1896. Chadwick ya ba da shawarar a gina ɗakunan ajiye gawa irin na biranen Jamus kamar Frankfurt da Munich, a kuma naɗa likitocin da za su tabbatar da mutuwa. Dokokin 1866 da 1875 sun ba hukumomin gari ikon gina irin waɗannan ɗakuna, amma talakawa sun daɗe suna ƙyamarsu, don suna tuna musu da gidan gajiyayyu da teburin feɗewa.

Da gaske ne maƙabartun Landan sun lalace har haka?

Sun lalace. Mutanen Landan wajen miliyan ɗaya ne a 1801, kafin 1851 sun haura miliyan biyu, amma wuraren binnewa su ne dai tsofaffin harabobin coci da 'yan filayen da wasu suka buɗe don neman kuɗi. Chadwick ya lissafa cewa a fili da bai wuce eka 203 ba, a tsakiyar gidajen jama'a, ana binne manya 20,000 da yara da matasa kusan 30,000 kowace shekara. Don a samu wuri, masu haƙa kabari kan farfasa akwatunan da ba su daɗe ba, su sassare abin da ke ciki, katakon ya tafi murhu, dalma da ƙusoshi su tafi kasuwa. A 1838 mutum biyu sun mutu a cikin wani zurfafan ramin talakawa a Aldgate: mai haƙan da gurɓatacciyar iska ta shaƙe, da wanda ya sauka don ya ceto shi.

Wani likita mai suna George Alfred Walker ne ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa abin da ya gani a 1839. Wurin da ya fi tayar wa mutane da hankali shi ne Enon Chapel, wata ƙaramar majami'a kusa da titin Strand. Limaminta yana karɓar sule 15 ya binne mutum a ƙarƙashin ginin, kuma katakon daɓe ne kawai tsakanin masu ibada da gawarwakin. Mutane na suma a lokacin addu'a, yaran makarantar Lahadi na ganin ƙwari suna fitowa ta tsagogin katako. An ce gawa dubbai aka cusa a wannan ɗan wuri. Bayan limamin ya mutu aka mai da ginin gidan rawa, ana tallarsa da cewa a zo a taka a kan matattu. Daga baya Walker ya karɓi ginin da kuɗinsa, ya kwashe ƙasusuwan ya kai maƙabartar Norwood.

Likitocin lokacin sun ɗauka warin ne da kansa ke kawo cuta. A nan sun yi kuskure, domin kwalara ta ruwan sha take bi, kamar yadda John Snow ya nuna a 1854. Amma annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ce ta tilasta wa majalisa ta motsa.

Me gwamnati ta yi?

'Yan kasuwa ne suka riga ta. Sun ga maƙabartar Père Lachaise da aka buɗe a Faris a 1804, mai itatuwa da hanyoyi, sai suka kafa irinta a bayan garin Landan: Kensal Green a 1833, Norwood a 1837, Highgate a 1839, da wasu huɗu kafin ƙarshen 1841. Wurare ne masu kyau, amma an yi su ne musamman don masu iya biya.

Daga 1852 aka fara jerin dokokin da suka ba da ikon rufe maƙabartun cikin gari, suka kuma bai wa unguwanni damar kafa hukumomin da za su buɗe na jama'a da kuɗin haraji. A 1854 aka buɗe Brookwood kusa da garin Woking, wajen kilomita 40 daga Landan, wadda a lokacin babu maƙabartar da ta kai ta girma a duniya. Tana da jirgin ƙasanta, mai tashi daga tashar kansa kusa da Waterloo ɗauke da gawarwaki da masu rakiya. Ko a nan bambanci bai bar su ba: akwai tikitin aji na ɗaya, na biyu da na uku, ga masu rai da ga akwatunan. Jirgin ya yi aiki har 1941, lokacin da bom ɗin Jamus ya rusa tashar.

Yaya batun baƙaƙen kayan makoki?

Mata ne suka ɗauki wannan kaya. Al'adar masu hali ta ɗora wa gwauruwa shekara guda da kwana ɗaya cikin baƙi wuluk, da lulluɓin wani yadin siliki mai kaushi marar ƙyalli, sannan a riƙa sassautawa sannu a hankali zuwa ruwan toka da shunayya, jimilla wajen shekara biyu da rabi. Mai karatu zai iya gwada wannan da takabar wata huɗu da kwana goma. Namijin da matarsa ta rasu kuwa baƙar kwat da ƙyalle a hula sun ishe shi, kuma ba a daɗe zai koma harkokinsa.

Yadin nan ba ya son ruwa, yana zuba a fata, ga shi an yarda cewa ajiye shi a gida bayan makoki rashin sa'a ne, don haka kowace rasuwa sai an sayi sabo. Kamfanin Courtaulds ya yi dukiya da shi. A 1841 aka buɗe kantin Jay's a titin Regent, wanda kayan makoki kaɗai yake sayarwa. Garin Whitby ya bunƙasa da sassaƙa wani baƙin dutse da ake yin sarƙa da 'yan kunnen makoki. Matar talaka kuwa sai ta rina tsofaffin kayanta. Da mijin Sarauniya, Yarima Albert, ya rasu a 1861, ita ma ta shiga baƙaƙen kaya ba ta cire ba kusan shekara 40, abin da ya ƙara wa al'adar ƙarfi.

Su wa suka fara cewa abin ya isa haka?

Jana'izar Duke na Wellington, babban kwamandan sojan Birtaniya, ce ta kai shagalin ƙololuwa. Ya rasu ranar 14 ga Satumba 1852, ba a binne shi ba sai 18 ga Nuwamba, wata biyu ana shiri. An ƙera masa keken tagulla daga igwogin da aka ƙwato a yaƙi, mai nauyin da ya haura tan 10, dawaki 12 na ja, har ƙafarsa ta nutse a hanya sai da aka taru aka ciro shi. Marubuci Charles Dickens ya yi tir da yadda aka mai da ranar kasuwa, ana sayar da kujerun kallo a tagogi. Bai tsaya a baki ba: a wasiyyarsa ya ce a binne shi cikin arha da sirri, kada kekunan rakiya su wuce uku, kada kowa ya ɗaura ƙyallen hula ko makamancinsa. Da ya rasu a 1870 an kai shi majami'ar Westminster Abbey, inda ake binne manyan ƙasa, amma da sassafe, da mutane ƙalilan.

A 1875 aka kafa ƙungiyar gyaran jana'iza da makoki ta ƙasa, a 1880 kuma Cocin Ingila ta samu tata. Kiransu shi ne a bar hayar masu ɓata fuska da gashin jimina, a daina raba ƙyallaye, a rage ciye-ciye da shaye-shaye, a gaggauta binnewa, a yi amfani da akwati marar ado. A 1896 an kai mai zane William Morris kabarinsa a ƙauyen Kelmscott a kan keken gona da aka yi wa ado da ganyaye, cikin akwatin katako da ba a goge ba.

Wane ne Francis Seymour Haden, kuma me ya sa sunansa ke fitowa a batun binnewa ta ɗabi'a, wato barin jiki ya koma ƙasa?

Likitan tiyata ne kuma gwanin zane, an haife shi a 1818 ya rasu a 1910. A 1875 ya rubuta wasiƙu uku a jaridar The Times, waɗanda aka sani da taken "daga ƙasa zuwa ƙasa", kalmomin da ake karantawa a bakin kabari a Cocin Ingila. Hujjarsa a sarari take. Ƙasa ba ta gaza ba, mutane ne suka hana ta aikinta. In aka rufe gawa cikin dalma da katako mai kauri, aka ajiye a ɗakin bulo a ƙarƙashin ƙasa, ba a hana ta ruɓewa ba, an dai tsawaita ruɓewar shekara da shekaru an kuma mai da ita haɗari. In kuwa aka sa ta cikin abin da zai narke da wuri, a ƙasa mai shan iska, ba a yi zurfin da ya wuce kima ba, ƙasa za ta gama da ita cikin 'yan shekaru ba wari ba cuta. Ya kuma nace a binne mutum da wuri, a daina ajiye shi a gida.

Akwatin da ya fara kawowa saƙa ce ta sassauƙan rassan itace, irin ta kwando, ana shimfiɗa ganyaye da ciyayi masu ƙamshi a ciki. A watan Yuni 1875 aka baje kolinsu a Stafford House, gidan Duke na Sutherland a Landan, manyan gari suka yi cincirindo zuwa kallo. Kallon dai aka yi. Jaridu sun yi ta zolaya, jama'a kuma ba su saki jiki da saka nasu a kwando ba. Kamfanin da ke da Brookwood ya fito da wani akwati na dakakkiyar takarda da aka matse, mai kama da na katako a ido amma yana narkewa a ƙasa, ya riƙa sayar da shi da wannan take na Haden.

Ina ganin a cikin duk masu gyaran nan Haden ne ya fi kama bakin zaren, domin shi ne ya taɓa tushen abin: ƙin yarda cewa jiki zai koma ƙasa, wanda shi ya haifi akwati uku da ɗakin bulo.

Ina batun ƙona gawa ya shigo?

Wasiƙun Haden martani ne ga Sir Henry Thompson, likitan Sarauniya, wanda ya ga wata na'urar ƙona gawa ta Italiya a baje kolin Vienna a 1873, ya dawo ya rubuta maƙala a Janairun 1874 yana cewa ita ce mafita. Har ya kawo shawarar a yi takin gona da tokar, abin da ya fusata jama'a ƙwarai. A shekarar ya kafa ƙungiyar masu goyon bayan ƙonawa. Bishop na Lincoln ya yi huɗuba yana cewa hakan zai raunana imanin mutane da tashin ƙiyama. Ƙungiyar ta gina wurin ƙonawa a Woking, ta gwada shi da gawar doki a 1879, gwamnati ta hana ta ci gaba.

Wani dattijon likita ɗan Wales, William Price, shi ya buɗe ƙofar. A Janairun 1884 ya yi yunƙurin ƙona gawar jaririnsa a kan tudu a Llantrisant, mutanen gari suka yi masa ca, aka kai shi kotu a Cardiff. Alƙali James Fitzjames Stephen ya yanke cewa babu dokar da ta hana, muddin ba a cutar da jama'a ba. Ranar 26 ga Maris 1885 aka yi ƙonawa ta farko a Woking. Mutum uku kacal aka ƙona a wannan shekara. Dokar da ta tsara harkar ta zo a 1902.

Ga Musulmi da Yahudawa masu riƙo da addini wannan ba hanya ba ce, Cocin Katolika ma ta haramta ta a 1886, ba ta sassauta ba sai 1963.

To wa ya yi nasara?

In ƙidaya za a bi, Thompson ne. A 1968 masu ƙonawa suka fi masu binnewa yawa a Birtaniya, yau kuma kusan huɗu cikin biyar ƙona su ake yi. Shagalin kuwa a hankali ya zube. Kafin 1890 masu ɓata fuska da mai ɗaukar gashin jimina sun fara zama abin da, furanni sun maye gurbinsu. Sarauniyar da kanta ta bar umarnin a yi mata jana'izar soja da fari, aka sa mata farar riga da lulluɓin aurenta a 1901.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ƙarasa abin da ƙungiyoyi suka fara. Matattu sun yi yawa, ba a dawo da gawarwakinsu gida ba, ba zai yiwu kuma ƙasa duka ta shiga baƙi shekara biyu ba. Hukumar kaburburan yaƙi da aka kafa a 1917 ta yanke cewa janar da ƙaramin soja dutse iri ɗaya za a kafa musu, duk da ƙorafin wasu iyalai masu kuɗi. A karon farko kabari marar ado ya zama abin girmamawa ga kowa da kowa.

Wannan ba shi ne abin da mu muke yi tun fil azal ba?

Kusan duk abin da Haden ya nema yana cikin jana'izar Musulmi: a gaggauta, a yi wanka, a sa likkafani, a ɗauka a makara, a sallata, a kwantar da mamaci a ƙasa yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko tukwane a sama, a toshe da ciyawa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a rufe. Abin da ya fi muhimmanci ga labarin nan shi ne sarki da almajiri farin yadi ɗaya ake naɗe su da shi, makarar unguwa ɗaya ce, don haka babu wanda sauƙin ke tona wa asiri. Wannan ne talakan Landan ya rasa. Ba na jin ya kamata mu ɗauka abin ba zai iya kuɓuce mana ba, domin tsadar da ba ta samu shiga ta kabari ba tana leƙowa ta wajen zaman makoki: rumfuna, kujeru, tukwanen abinci na kwana da kwanaki a gidan da aka rasa mai ciyarwa.

Akwai ma alaƙa ta tarihi. A 1884 aka keɓe wa Musulmi wuri a Brookwood, kuma a Woking ɗin nan aka gina Masallacin Shah Jahan a 1889, na farko da aka gina musamman don salla a Ingila. A Brookwood aka binne Abdullah Quilliam, da masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci guda biyu, Marmaduke Pickthall da Abdullah Yusuf Ali.

Shawarar Haden ta mutu ke nan?

Ta yi barci na fiye da shekara 100, sannan ta farka. A 1991 aka kafa cibiyar Natural Death Centre a Landan, a 1993 kuma wani jami'in maƙabarta mai suna Ken West ya buɗe wurin binnewa na farko cikin kurmi a garin Carlisle. Yanzu irin waɗannan wurare sun haura 250 a Birtaniya. Sharuɗɗansu: ba a yi wa gawa allurar sinadarin hana ruɓewa, akwati ya zama na saƙar rassa, kwali, gora ko ulu, ko kuma likkafani kawai, kabari kada ya yi zurfi sosai, a maimakon dutse a dasa itace ko a bar ciyawa ta rufe. Kwandon da aka yi wa dariya a 1875 yau yana cikin akwatunan da ake yawan nema. A Amurka an buɗe irin wannan wuri na farko, Ramsey Creek, a jihar Carolina ta Kudu a 1998.

Dokar Ingila ba ta tilasta akwati ba, kowace maƙabarta ce ke kafa ƙa'idarta. Shi ya sa maƙabartar Musulmi ta Gardens of Peace, da aka buɗe a gabashin Landan a 2002, take binnewa da likkafani, kaburburan duk iri ɗaya.

Matsalar ƙarancin fili ta ƙare?

Ta dawo. Dokokin zamanin Biktoriya, saboda ɗacin abin da aka gani a su Enon Chapel, sun sa taɓa tsohon kabari ya yi wuya: tun 1857 sai da izinin hukuma ake tono gawa. Manyan maƙabartun da aka buɗe a bayan gari yanzu gari ya haɗiye su, da yawa sun cika, wasu unguwannin Landan ba su da sauran wurin binnewa ko ɗaya. Dokar 2007 ta ba hukumomin Landan damar sake amfani da kabarin da ya haura shekara 75, bayan an yi cigiyar dangi: a ƙara wa ramin zurfi, a mai da ƙasusuwan ƙasa, a binne sabon mamaci a sama. Maƙabartar City of London da ke Manor Park tana sake amfani da tsofaffin kaburbura, har takan juya tsohon dutsen ta rubuta sabon suna a bayansa, na farkon yana nan ba a goge ba. A 2024 hukumar bitar dokoki ta Ingila da Wales ta nemi ra'ayin jama'a kan a faɗaɗa wannan dama zuwa sauran maƙabartun ƙasar.